'Yan mishan a ƙauyukan Maya: taimako ne ko sayen imani?

Abban Sadik: Jama'a wlh tun jiya abin nan yake cina. Na kalli bidiyon wasu 'yan mishan daga Amurka da suka shiga ƙauyukan mutanen Maya, 'yan asalin yankin, a kan duwatsun Gwatamala da ke Amurka ta Tsakiya, mota ta kai su inda hanya ta ƙare suka ɗora kwalayen magani a kan alfadarai, suna isa mata suka yi layi da goyo a baya, ana cire haƙori ana raba tabarau da maganin tsutsar ciki, dare na yi aka tada janareta aka haska musu fim aka ce wanda ya karɓi ceto ya ɗaga hannu. To wa zai ƙi ɗagawa? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Wannan ba wa'azi ba ne sayen imani ne, an samu arna talakawa marasa asibiti ana cinikinsu. Na san za ku karanta ku wuce kamar kullum.

Maman Rahila: Su wa ne arnan?

Abban Sadik: Haba Anti ba da ke nake ba, Maya nake nufi.

Maman Rahila: Ai da ni kake ƙanena. Mutanen nan da yawansu Katolika ne tun zuwan Sifaniyawa wajen shekara 500 ke nan, wasu da yawa kuma 'yan cocin bishara ne, masu wa'azin yanzu ma akasari Katolika suke janyowa zuwa cocinsu. In Kirista ne arne a bakinka ka fito ka faɗa mu ji. Da kalmar nan aka jefe mu tun muna firamare, ni da Hausa ce harshen uwata da ubana.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar akwai Azna kuma ba zagi ba ne, masu addinin gargajiya ne. Su ma Mayan ai ba su bar nasu ba, a garin Santiago Atitlan na Gwatamala akwai gunkin da suke ce wa Maximon ana kunna masa taba ana zuba masa giya. In ba arnanci ba mene ne wannan?

Maman Rahila: Mai zuwa wurin boka ya dawo ya yi salla arne kuke ce masa?

Hajiya Ummi: A'a kar a jawo mu ciki dan Allah.

Malam Garba: Ku tsaya, ni tarihi nake koyarwa. Kalmar ba ta dace ba, Abba ka janye. Amma ciwon da yake ji yana da tushe. A watan Yulin 1562 wani limamin Katolika Diego de Landa ya tara littattafan Maya a garin Mani da ke Yukatan ta Meksiko ya cinna musu wuta ya ce ƙaryar shaiɗan ce a ciki, aka kuma azabtar da mutane da dama. Al'ummar da take da rubutunta da lissafin taurari, yau littattafanta 4 kacal suka rage a duniya, 3 ma suna Turai.

Abban Sadik: Malam ranka ya daɗe ba zan janye ba, ban zagi kowa ba. A ƙamus ma haka take.

Maman Rahila: Wane ƙamus? Turo shafin.

Abban Sadik: Zan nemo.

Malam Garba: Tarihi na kusa ma yana nan. Janar Rios Montt da ya mulki Gwatamala daga 1982 zuwa 1983 ɗan cocin bishara ne, duk Lahadi yana wa'azi a talabijin, a lokacin sojoji suna ƙona ƙauyukan Maya. A 2013 kotu ta same shi da laifin kisan ƙare dangi kan mutum 1,771 'yan ƙabilar Ixil ta Maya, bayan kwana 10 kotun tsarin mulki ta soke hukuncin, ya mutu a 2018.

Maman Rahila: Malam ka iya zaɓe wallahi. Me ya sa ba ka faɗi Fada Stanley Rother ba, ɗan Amurka ne ya zauna shekara 13 a wannan Santiago Atitlan ɗin da Ɗan Maraɗi ya ambata, ya koyi yarensu na Tzutujil yana musu sujada da shi, sunansa ya shiga jerin waɗanda za a kashe ya tafi gida ya sake dawowa saboda mutanensa, aka bi shi har ɗaki aka harbe shi a Yulin 1981. Da za a tafi da gawarsa mutanen garin suka roƙa a bar musu zuciyarsa, tana cikin cocinsu har yau. Wanda aka saya da maganin tsutsar ciki ne zai yi haka? Ga Bishop Juan Gerardi da ya fitar da rahoton ta'asar yaƙin basasar Gwatamala a Afrilun 1998, kwana 2 tsakani aka kashe shi a garejin gidansa.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ni a nan ina bayan Anti. Tsohuwata a asibitin mishan na Galmi aka yi mata aiki, ta dawo da carbinta a hannu ba wanda ya ce ta canza komai.

Abban Sadik: Shi ya sa, kai ma ka ci ladan.

Ɗan Maraɗi: Ka iya bakinka a kan mahaifiyata. Ku da kuke cika motoci daga Sakkwato da Katsina kuna zuwa Galmin fa?

Abban Sadik: Wutar lantarkin wa kuke sha?

Hajiya Ummi: Innalillahi, me ya kawo wuta kuma. Ni abin da na sani akwai Musulmi a cikin Mayan nan. A jihar Chiapas ta Meksiko wasu Sifaniyawa Musulmi sun je San Cristobal wajen 1995, 'yan ƙabilar Tzotzil suka musulunta, ɗaruruwa ne yanzu har da masallatansu. Na ga hoton matansu da ɗankwali a kan kayan saƙarsu na gargajiya sai da na yi hawaye.

Maman Rahila: Hajiya ki ƙarasa mana. Da yawansu daga iyalan da aka kora daga garin Chamula ne tun 1974 saboda sun shiga cocin bishara sun daina sayen giyar bukukuwa da shugabannin gari suke cin riba da ita, dubbai aka kora aka ƙona gidaje. Mutumin da ya yarda ya rasa gonarsa a kan imaninsa ka ce an saye shi? Kuma Sifaniyawan nan sun buɗe makaranta da wurin koyon kafinta. Nasu da'awa ce namu ciniki ko?

Abban Sadik: Ba ɗaya ba ne.

Maman Rahila: Ta ina? Kuma ina shafin ƙamus ɗin?

Shugaban zaure: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne Abban Sadik ya kawo magana mai muhimmanci kuma tarihi ya gaskata shi, Malam Garba ya kawo hujja da shekaru kan ƙona littattafai da kisan Ixil ba wanda ya musa. Kalmar arna an yi mata mummunar fahimta ne, Ɗan Maraɗi ya bayyana ba zagi ba ce. Mun gode wa Hajiya da albishir ɗin 'yan'uwanmu na Chiapas, Allah ya ƙara musu yawa. Anti Maman Rahila a riƙa haƙuri ana rage zafi.

Maman Rahila: Shugaba ina Rother da Gerardi da mutanen Chamula a cikin bayaninka? Malam Garba da bakinsa ya ce a janye kalmar, shi ma ka tsallake. Kar ka rufe sai ka gyara.