Ratsin kitse: sunan da na samo a teburin mahauci

Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ina shirya bayani kan kiwon turka kafin Babbar Sallah, sai na ci karo da "marbling", na rasa yadda zan faɗe ta da Hausa ba tare da na yi jimla guda ba. Turawa sun aro ta ne daga dutsen nan mai sulɓi da farin zane, wanda masu kuɗi ke shimfiɗawa a falo. Abin da suke nufi shi ne siraran layukan kitse da ke bayyana a cikin jan nama idan aka yanka shi a gicciye. Ba na ƙarƙashin fata ba, ba wanda ya lulluɓe ƙoda ba. Na cikin tsokar kanta.

Wani ya ce a rubuta "mabilin" a huta. Ban yarda ba, makiyayi zai ɗauka sunan allurar shanu ne.

Kafin a raɗa wa abu suna, a san shi tukuna. Tun maraƙi yana ciki, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta a tsakanin zaren tsoka da ba su zama komai ba, wasu su rikiɗe su zama jijiya, wasu su zama ma'ajiyar kitse. Yawansu na ƙaruwa ne daga cikin ciki zuwa watannin farko na rayuwa, bayan nan galibi kumbura kawai suke yi. Kowace tana tara mai ɗigo-ɗigo, har ɗigon ya haɗe ya zama guda ɗaya babba, ya ture cibiyar ƙwayar zuwa gefe. Wannan ƙwayar ita ma tana neman suna, kuma ni tandu take tuna mini, don 'yar fata ce cike da mai. "Tandun kitse" ya fi mini "ƙwayar kitse", wadda in ka faɗa a rediyo wani zai tafi kyamis neman ta.

Kuma kitsen nan shi ne autan kitse. Sa yakan fara tara na ciki, sannan na tsakanin tsokoki da ƙarƙashin fata, na cikin tsoka ya zo a ƙarshe, kuma ya fi samuwa idan ana ba dabba hatsi, ba ciyawa zalla ba. Shi ya sa za ka ɗaure sa wata 3 kana dura masa dusa da harawa da angurya, ya yi bul-bul yana sheƙi, a yanka ka ga tsoka ja wur. A Japan, inda shanun Wagyu suke, ana kiwonsu har kusan wata 30, ana ma rage musu bitamin A a tsakiyar turka don kitsen ya yawaita, sannan a auna shi da maki daga 1 zuwa 12. Naman Kobe da ake ta kururutawa daga lardin Hyogo yake. A Amurka ma da shi ake raba nama daraja-daraja. Namu kuwa, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, jinsin masu tozo ne, ba su cika tara shi a gadon baya ba.

Jiya na je wurin wani tsohon mahauci da nake sayen nama, na nuna masa hoton naman Wagyu a waya.

"Ɗana, wannan ai tozo ne."

"A'a Baba, naman gadon baya ne."

Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya ce ikon Allah. Sai ya jawo tozon da ke kan tebur, ya goge wuƙa a cinya, ya fere yanki siriri ya ɗaga shi a rana. "Ka ga yadda kitse ya ratsa shi? Shi ya sa ba ya bushewa a wuta, mai balangu ke rububinsa."

Ya ratsa shi. Nan na tsaya. Muna da "ratsi" tun tuni, a jikin zane da gwado, layin wani launi da ya keta ta cikin wani. Ga kamannin, ga kuma aikin, duk a kalma ɗaya. Na gwada ta a baki: naman nan yana da ratsi, ratsinsa ya kai maki 8, Bunaji ba ya ratsi sai a tozo. Ba ta yi mini gardama ba.

Waɗanda na ajiye: "jirwaye" tabo ne, ba a yabon nama da shi. "Roɗi-roɗi" na fatar dabba ne. "Kitsen tsoka" daidai ne, amma sunan kitsen ne, ba sunan zanen ba, don haka na bar shi ga masu rubutun kimiyya.

Ni dai "ratsin kitse" zan sa a shirin. Tandun ne ban gama natsuwa da shi ba, don yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin tandu ba. Mutanen Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, ku tambaya mana rundawanku me suke cewa idan suka yanka tozo.