Mustang EcoBoost ko GT: wacce ta fi dacewa da mazaunin Abuja?

Baban Ilham, Abuja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin Amurka. Na yanke shawarar sayen Ford Mustang ƙirar 2018 zuwa 2020, kuma wani dillali ne zai ɗauko min ita daga gwanjo a can, a sauke ta a Legas. Kuɗin da na ware zai iya sayen ɗaya daga cikin uku: EcoBoost mai silinda huɗu ta ƙasa mai kujerun yadi, wadda za ta bar min canji mai kauri, ko EcoBoost Premium mai kujerun fata da babban allo, ko kuma GT mai silinda takwas, amma ta ƙasa, wadda ta fi sauran cin hanya. GT Premium ta fi ƙarfin aljihuna.

Yawancin tuƙina daga Gwarimpa ne zuwa ofis a tsakiyar gari, sai jefi-jefi in je Kaduna ko Kano. Akwai motar iyali a gida, saboda haka ba maganar ɗaukar yara ake yi ba. Abokaina sun nace cewa Mustang mai silinda huɗu ba Mustang ba ce, dillalin kuma yana ta zuga ni in ƙara kuɗi in nemi wadda ke da Performance Package, wato kunshin kayan tsere. Ina so in san ainihin abin da ƙarin kuɗin ke saya, da abin da zai zame min nauyi daga baya.

Mazaunin Michigan

Wa'alaikumus salam, Baban Ilham. Abu na farko shi ne ka raba tambayarka gida biyu, domin Ford ma haka ya raba motar. Bambancin EcoBoost da GT bambancin inji ne da birki, shi kuwa bambancin ta ƙasa da Premium bambancin kayan jin daɗi ne kawai. EcoBoost Premium ba ta fi EcoBoost ta ƙasa gudu ko kaɗan ba, injinsu ɗaya, giyarsu ɗaya.

Ka kuma yi daidai da ka fara daga 2018, domin a wannan shekarar aka yi wa motar gyaran fuska, aka daina injin V6, aka kawo giya mai sarrafa kanta mai hawa goma. EcoBoost tana da inji mai lita 2.3 da turbo, ƙarfin doki 310. GT tana da V8 mai lita 5.0, ƙarfin doki 460, kuma injin yana juyawa har 7,500 a minti ɗaya. Tazarar doki 150 ba abin da za ka cike da sayen salansa ko sauya manhajar inji ba ne ba tare da ka jefa injin cikin haɗari ba. Birkin gaba ma ya bambanta: na EcoBoost ta ƙasa faifansa milimita 320 ne da fistan biyu, na GT milimita 352 da fistan huɗu.

Akwai wani mataki na tsakiya da dillalai ba su cika ambata ba. Ford yana sayar da motar ne da lambobin rukunin kaya: 100A da 101A na EcoBoost ta ƙasa, 200A da 201A na Premium, 300A da 301A na GT ta ƙasa, sai 400A da 401A na GT Premium. Mai lamba 100A ko 300A tana zuwa da ɗan ƙaramin allo mai inci 4.2, amma mai 101A ko 301A tana da allo mai inci 8 na SYNC 3 wanda ke karɓar Apple CarPlay da Android Auto, da na'urar sanyaya mai raba gefen direba da na fasinja, da maɓallin zaɓar yanayin tuƙi. Wato kusan duk abin da mutane ke nema a Premium yana nan, ban da fata da kujeru masu hura sanyi. In da ni ne, GT mai 301A zan nema.

Kafin ka biya ko sisi, ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar jikin motar. Harafi na takwas shi ke nuna injin: H na EcoBoost ne, F na V8. Ana yawan liƙa tambarin GT da fuskar GT a kan EcoBoost bayan gyaran haɗari, kuma a hoto ba ka iya ganewa. Sai dai VIN da ido ba za ta gaya maka ko Premium ce ko ta ƙasa ba, don haka ka sa a nemo maka takardar kayan da motar ta fito da su daga masana'antar Ford da ke Flat Rock, a nan za ka ga lambar rukunin a rubuce.

Mai gareji a Kaduna

Alhaji, bayanin ɗan'uwanmu na Michigan ya yi daidai, amma shi a kan titunan Amurka yake tuƙi, ni kuwa abin da ke shigowa garejina nake gani. Zan fara da Performance Package, tun da shi dillalin ke tallata maka. A GT, wannan kunshi ya ƙunshi birkin Brembo mai fistan shida da faifai milimita 380, da lagireto mafi girma, da dakon baya na Torsen mai raba ƙarfin inji ga tayoyin baya, da shakazoba masu tauri, da rim mai inci 19. An yi shi ne domin wanda ke shiga filin tsere ya taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere. A cikin duka kayan nan lagireto ne kaɗai zai yi maka amfani kullum a zafin Maris da Afrilu.

Matsalar tana ga taya. Tayar EcoBoost ta ƙasa 235/55 ce a kan rim mai inci 17, tsayin gefenta ya kusa milimita 130. Ta Premium da GT ta ƙasa 235/50 ce a kan inci 18, kusan milimita 118. Ta Performance Package kuwa 255/40 ce a gaba, wato milimita 102 kacal tsakanin ƙarfe da kwalta. An taɓa kawo min irinta daga hanyar Zariya bayan ta faɗa rami da daddare: gefen tayar ya kumbura kamar ƙwan kaza, leɓen rim ɗin na ciki ya lanƙwashe yadda ba a gani sai an ɗaga motar, kuma sitiyari na rawa da zarar an wuce gudun cikin gari. Ƙari a kan haka, tayoyin gaba da na baya na GT mai wannan kunshi ba girmansu ɗaya ba, na baya 275/40 ne, saboda haka ba a musanya su don su cinye daidai. Yawancinsu kuma ba su zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙe huji, kuma ƙaramar safayar Ford ba ta hawa kan wancan babban birki na gaba. Mai faci na bakin hanya ba zai iya yi maka komai ba idan gefen taya ya tsage.

A kan inji kuwa, ra'ayina na iya ba ka mamaki: V8 ɗin ya fi sauƙin riƙo a ƙasar nan. Ba shi da turbo, ba ya aiki cikin matsi kamar ƙaramin injin, kuma daga 2018 yana fesa mai ta hanya biyu, kai tsaye cikin silinda da kuma ta bayan bawul, abin da ke wanke bawul ɗin daga dattin gawayi. EcoBoost kai tsaye kawai take fesawa, don haka gawayi yana taruwa a bawul da tafiyar lokaci. Ka kuma sani cewa alƙaluman 310 da 460 da man da ingancinsa (octane) ya kai lamba 93 a ma'aunin Amurka aka same su, kwatankwacin 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai. Gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, kuma bai kai haka ba. Duka injinan biyu za su sha shi, kwamfutar motar za ta rage ƙarfi don kare injin, amma mai turbo ya fi jin jiki, musamman da rana tsaka in an taka shi sosai.

Sai dai kada a ce na ɓoye maka kuɗin. GT ta 2018 zuwa sama tana shan baƙin mai kusan lita tara da rabi a kowane juyi, EcoBoost ba ta kai shida ba. Fulogi takwas ne maimakon huɗu. Kayan gyaran duka biyun ba a zube suke a Panteka ko Apo ba kamar na Camry. Wasu sai an aika kasuwar Ladipo a Legas, wasu sai an yi oda daga waje. Idan za ka iya ɗaukar wannan, ka sayi GT ta ƙasa mai rim inci 18. Idan za ka riƙa jinkirta juyen mai saboda tsada, to ka bar duka biyun.

Maman Sadiq, Abuja

Ina gaishe ku duka. Ni EcoBoost Premium nake hawa, kuma ina ganin an raina kayan jin daɗi fiye da kima a wannan tattaunawa. Baban Ilham ya faɗa da bakinsa cewa yawancin tuƙinsa daga Gwarimpa ne zuwa ofis. Duk wanda ya san cunkoson safe a wannan hanya ya san cewa doki 460 ba su da inda za su sake, amma kujera mai hura sanyi a bayanka tana aiki tun daga ƙofar gida har wurin ajiye mota. Fata ba tare da wannan sanyin ba azaba ce a motar da ta wuni a rana, na yarda, kuma shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sayi ta ƙasa ya kai wa masu ɗinkin kujera su rufa mata fata. Allo ana iya sauyawa daga baya, amma kujerun masana'anta masu sanyi aiki ne na wayoyi da na'urori wanda ba kowane mai wayarin zai yi shi da kyau ba.

Game da cewa mai silinda huɗu ba Mustang ba ce, Ford ya sayar da Mustang mai injin lita 2.3 tun a 1974, har da samfurin Mustang SVO mai turbo a tsakiyar shekarun 1980, don haka wannan magana ta majalisa ce kawai. EcoBoost ta fi GT sauƙin nauyi da kusan kilo 80, kuma yawancinsa daga kan hanci aka rage, shi ya sa take shiga kwana da sauƙi. Ƙarfin jan ta yana zuwa da wuri, ba sai injin ya yi ihu ba, wanda shi ne abin da ake bukata wajen wuce tirela a hanyar Kaduna. Abin da ba ta da shi shi ne ƙara. Idan rurin V8 ne ya sa ka son Mustang tun farko, babu salansar da za ta ba ka shi, kuma za ka riƙa jin haushi duk lokacin da GT ta tsaya kusa da kai a danja.

Maganar mai ba ƙarama ba ce tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka, EcoBoost mai giya mai sarrafa kanta tana cin kusan lita 9.4 a kilomita ɗari, GT kusan 12.4, kuma a cunkoso da na'urar sanyi a kunne duka biyun sun wuce haka. Tankinsu kusan ɗaya ne, lita 59 da 61, don haka mai GT ya fi yawan tsayawa a gidan mai.

Wani abu da ya dame ni a tambayarka shi ne yadda ka kwatanta Premium mai tsabta da GT da ta ci hanya. A motar gwanjo, tarihin motar ya fi matakinta muhimmanci. GT ta fi faɗawa hannun masu murza taya da masu sauya manhaja, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke isa gwanjo da takardar haɗari suke zuwa. Premium ita ma tana da nata tarkon: idan ambaliya ce ta kai ta gwanjo, na'urorin da ke ƙarƙashin kujeru ne ke fara mutuwa, wani lokaci sai bayan watanni. Ka sa a ɗaga kafet a duba tsatsa a kan ƙarafan da kujera ke zamewa a kai.

Baban Ilham, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire Performance Package daga lissafi, na kuma cire EcoBoost mai 100A. Gaskiya ƙarar V8 ce ta fara jan hankalina, don haka zan sa dillalin ya nemo GT mai 301A wadda takardarta ke da tsabta, in ba a samu a kuɗina ba in koma EcoBoost Premium. Saura tambaya ɗaya ga mai gareji: na ga wasu da shakazoba na MagneRide, shin ya cancanci a nema saboda ramukan hanyoyinmu?

Mai gareji a Kaduna

Alhaji, MagneRide yana da daɗi matuƙa yayin da yake lafiya. A cikinsa akwai ruwa mai ƙwayoyin ƙarfe, wutar lantarki ke sauya kaurinsa, sai motar ta yi laushi a kan gargada ta yi tauri a kwana. Amma a waɗannan shekarun da kake nema, galibi tare da Performance Package ake samunsa, wato ka koma ga rim mai inci 19 da ka riga ka guje wa. Idan ɗaya ya fara yoyo ba a gyara shi, sai sabo, bibbiyu ake sauyawa, kuma kuɗin ya ninka na shakazoba na yau da kullum sau da yawa. Ka bar shi. Abin da za ka rage, ka sayi safaya da jak kafin motar ta baro Legas, ka kuma sa a juye baƙin mai da na giya, a sauya matatar iska, kafin ka ɗora ta a kan doguwar hanya.