Za a sa wa 'yata sunan surukata, ina neman laƙabin da bai cika gari ba

Mai jego daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sauka ranar Alhamis da asuba, an samu mace bayan maza uku, Alhamdulillahi. Alhamis mai zuwa suna. Maigida ya ce sunan Hajiyarsu za a raɗa mata, wato sunan matar Annabi Adamu, kun dai gane, bakina ba zai iya faɗa ba. Na ji daɗi har raina, don Hajiya ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Laƙabin ne ya hana ni barci. Layinmu kaɗai Ummi huɗu ne, Walida biyu, ga Jidda a gidan da ke kallonmu. Ina son wanda in na kira, 'yata kaɗai za ta waiwayo. Ku taimaka min.

Goggo daga Katsina:
Barka da arziki 'yata, Allah ya raya. Ai yarinyar ta zo da laƙabinta. Macen da ta biyo bayan maza Kande ce ko Delu, wadda aka haifa ranar Alhamis kuma Lami. Ku yaran yanzu kun ce na ƙauye ne, kun koma Ilham da Siyama, shi ya sa duk kuka zama iri ɗaya. Leƙa ajin 'yan firamare ki ƙirga Delu nawa za ki samu.

Malamin Islamiyya:
Allah ya sa mahaddaciyar Alƙur'ani ce. Kulu da Maijidda su ne ke tafiya da wannan suna tun da can. Sai dai ki fara bincika, in da ɗayansu ake kiran Hajiya a gida, shi ma ya fi ƙarfin bakinki. Kuma ki san ma'anar duk abin da kika zaɓa, wasu na ɗauko kalmar Larabci a intanet don daɗin sauti kawai.

Mai jego daga Zariya:
Malam ka taɓo wajen, Kulu 'yan uwanta ke ce mata. Goggo, Delu ya kwanta min, amma sunan kishiyar mahaifiyata ke nan, ba zai yi daɗi ba.

'Yar Maraɗi:
Yaya, a watan Agusta fa kika haihu. An yi ruwa ranar? Kakata Marka ake ce mata, don an haife ta ana tsakiyar marka, kwana da kwanaki rana ba ta fito ba. Tun rasuwarta ban sake jin mai sunan ba.

Mai jego daga Zariya:
Wallahi cikin ruwa muka tafi asibiti, sai da maigida ya lulluɓa min tabarmar sallar motarsa. Na faɗa wa Hajiya yanzu, ta karɓe ta tana cewa "Marka, takwarata". Ranar Alhamis ku sa mu a addu'a.