Wasa sarƙar injin yankan itace ba tare da an yanke hannu ba

Masu gyaran inji da masu yankan itace a Maraɗi da suka tattauna batun sun haɗu a kan abu guda: sau da yawa hannu na yankewa ne inji yana kashe, lokacin da magagari ya suɓuce, yatsu suka sauka kan haƙorin da aka gama wasawa.

Don haka a kashe inji, a bar sarƙa ta huce, a ɗaure takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, da kyau kada ya motsa, a sa birkin sarƙa. Magagari marar ƙota haɗari ne, tsininsa na huda tafin hannu. A riƙe mai ƙota da hannu biyu, a tura gaba kawai, daga cikin haƙori zuwa waje, a kusurwar digiri 30, sau biyu ko uku kowane haƙori. Kaurin magagarin ya dace da sarƙa: milimita 4 ga ƙarama, 4.8 ko 5.5 ga manya. In za a matsa da sarƙa, a saki birki, a ja ta da safar hannu ta fata.

An fi jan kunne kan ɗan tudun da ke gaban haƙori. Ya kamata tudun ya yi ƙasa da haƙorin da milimita 0.65. In an goge fiye da haka, sarƙa na cizon itace da yawa, inji ya yi tsalle ya dawo kan mai aiki.

In an yanke, a danne da tsumma mai tsabta minti 10, hannu a sama. Kada a zuba toka ko baƙin mai. In yatsa ya ƙi lanƙwasawa ko ba a jin taɓawa a jikinsa, mai yiwuwa jijiya ce ta taɓu: asibiti ranar nan, a kuma nemi allurar tetanos.