Wa ya taɓa sayar da tsohon gem a Kaduna, kuma nawa aka saya?

Ɗan Malali:
Salamu alaikum. Hajiyarmu ta ce a kwashe tarkacen sito kafin damina, sai muka ci karo da jakar bakko ta yayanmu: injinan gem Sega Mega Drive da PS2 (PlayStation 2) ƙarama, kaset-kaset masu ruwan ɗorawa da tarin faifai. Yaya ya ce in sayar mu raba. Na ga an ce a 2021 an sayar da Super Mario 64 guda ɗaya dala miliyan 1.56 a Amurka. Ko mu ma arziki ne kwance a sito?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, sassauta lissafin nan. Wancan kaset ɗin tun da ya fito a 1996 ba a taɓa ɓare ledarsa ba, yana cikin kwalinsa, kuma masu tantance kaya sun ba shi maki 9.8 cikin 10. Naku kuwa an hura shi da baki ya fi a ƙirga. Na riƙe gidan gem a Tudun Wada lokacin da yara ke layi kan Winning Eleven da Mortal Kombat, na san abin da muke sayowa. Kaset mai ruwan ɗorawan nan da aka rubuta wa wasa 9999, ba na Nintendo ba ne, kwaikwayon na Famicom ne, wato tsohon injin gem na Nintendo, daga Chana, wasa kaɗan ne ake ta maimaitawa. Faifanmu ma kusan duk na kofi ne, shi ya sa muke sa wa injin cif, ɗan abin da ke sa ya karanta faifan kofi. Juya bayan kowane faifai ka duba: na PS1 na asali baƙi ne wuluk, na PS2 wasu shuɗi ne mai sirkin shunayya, wasu ruwan azurfa, da tambarin PlayStation a jiki. Idan da alƙalamin maka aka rubuta sunan, babu mai saya. Da na rufe shago, injinan ne suka kawo kuɗi, faifan kyauta na haɗa wa mai saye.

Maman 'Yan Biyu:
Mu Sega ce ta maigida. Mai gwangwan ya ɗaga ta ya ce roba ce, bai ma taya ba. Na ɗauki hotonta tana kunne, Sonic na gudu a talabijin, na ɗora a Facebook. Wanda ya zo daga Barnawa magidanci ne da furfura a gemu. Ya zauna a tabarma ya buga zagaye guda, ya ce irinta mahaifinsa ya sayo masa yana firamare. Bai ja ciniki ba. Irinsu za ka nema, ba 'yan kasuwa ba.

Mai Gyara na Kakuri:
Malam Ɗan Malali, don Allah kada ka jona komai tukuna. Karanta bayan inji da jikin adafta. Kayan Japan na wuta 100 ne, na Amurka 120, tamu kuwa 230, idan babu abin rage wuta sai dai ka ji ƙauri. Ana kawo min irinsu a ƙone. A PS2 kuma idon da ke karanta faifai ne ke fara mutuwa, ka sa faifai ya yi ta juyawa bai karanta ba, kuma mai saye da wannan zai karya maka farashi. Fad, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, na asali ya fi jabu nauyi a hannu, wani lokaci fad biyu masu kyau da memori, wato katin ajiye wasa, sun kusa kamo kuɗin injin. Kaset kuwa ka goge bakinsa da auduga da sifirit, ban da miyau.

Uban Tafiya:
Ni na gwada neman masu saye a waje. Kada ka dubi kuɗin da mutane ke sa wa kaya a eBay, kasuwar nan ta intanet, duba wanda aka riga aka sayar, nan gaskiyar take. PS2 an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya tun 2000, ba abu ne mai wuyar samu ba, kuma gem ɗin ƙwallo shi ya fi kowanne arha don kowace shekara sabo ke fitowa. Mafi yawan namu tsarin Turai ne, PAL, masu tarawa a Amurka kuwa nasu suke so. Da na haɗa kuɗin aikawa sai na ga wahalar banza ce, na sayar a nan Kawo. Abin da ke ɗaga farashi shi ne kwali da ɗan littafin ciki, mu kuwa ranar da aka sayo ake yar da su.

Ɗan Malali:
Na gode ƙwarai. Baba, na juya su duka, biyu ne kawai masu tambari, Tekken da God of War, har da kwalinsu. Segar an rubuta mata 220 a adafta, ta kuma kama, sai dai hoton na rawa. Malam mai gyara, wayar ce ko injin? Yaya kuma da ya ji ta tashi ya ce a dakata da sayar da ita, zai zo ranar Asabar.