Ciyayi da amfanin gona a kwarurukan Jos: kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani

Malamin makaranta, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na kai ɗalibaina gindin duwatsun Shere, wajen da muke zuwa yankan ciyawa muna yara. A da in Agusta ta yi, gamba kan shanye mutum har kansa. Wannan karon da ƙyar ta kai min gwiwa, tsakaninta kuma jar ƙasa ce tsirara da zaizaya ta yi wa tsaga-tsaga. Abin ya tsaya min a rai. Ruwan sama ne ya canza, ko mu ne muka canza ƙasar? Manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, don Allah ku ba mu abin da kuka gani.

Manomin lambu, bakin Dilimi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni sama da shekara 40 ina noman rani a bakin kogin nan, kabeji da karas da latas. Ruwa bai daina zuwa ba, zamansa ne ya ragu. Da can in damina ta ɗauke a Oktoba, fadama kan riƙe danshi har tsakiyar hunturu, ka tona da hannu ka ji sanyi. Yanzu sai a yi mamakon ruwa na awa biyu, kogi ya cika ya yi ja wur, gobe ya janye kamar ba a yi ba. Jan nan da kake gani ƙasar gonar wani ce daga tudu take tafiya. Kafin Fabrairu mun fara haƙa rami a cikin yashi muna sa inji, ga tsadar mai. Tokar shara da muke saye daga gari muna zubawa a kuyya ita ke ɗan riƙe mana ƙasar, amma yanzu rabinta leda ce, sai an zauna an tsince. Sannan fadamar da mahaifina ya noma, yau gidaje ne a kanta har bakin ruwa. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012, lokacin da dam ɗin Lamingo ya tumbatsa ruwa ya afka Rikkos da Gangare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Makiyayi, yankin Barkin Ladi:
Amin Baba. Mu abin da muka lura shi ne ciyawar kirki ke gudu. Inda a da harkiya da kyasuwa ke fitowa, yanzu tofa ce da wasu haki masu ɗaci da saniya ke sunsunawa ta wuce. Wurin kiwo ya matse, dole shanu su yi ta komawa wuri ɗaya, ciyawa ba ta samun hutun da za ta zuba iri. Nonon da nake tatsa da rani ya ragu, sai da dusa.

Mai sayar da dankali, Farin Gada:
Ni dai a buhu nake ganin canjin. Masu kawo min dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu kukansu ɗaya ne: ruwan farko ya yaudare su a Afrilu, su shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku. Daga baya ya dawo babu ƙaƙƙautawa da hazo, cutar nan mai ƙona ganye ta shiga, gona ta yi baƙi cikin 'yan kwanaki. In ka zazzage buhun sai ka ga ƙanana kamar ƙwan zabo, wasu sun fara ruɓewa.

Ɗalibi mai karatun ilimin ƙasa:
Hajiya, abin da kika faɗa da na Baba igiya ɗaya ce. Jos na kan tudu sama da mita 1,200, kuma daga nan koguna irin su Kaduna da Gongola ke tasowa. Saiwar bishiya da ciyawa ita ke sa ruwa ya nutse ƙasa ya riƙa tsattsafowa kwari da rani. In an sare don gawayi, an ƙone daji don farauta, ruwan sai ya gangare a sama ya tafi da taki. Ga kuma tabon haƙar kuza tun farkon shekarun 1900: tulin ƙasa marar albarka da kududdufai. Shi ya sa aka dasa itatuwan turare a wuraren don farfaɗo da ƙasar.

Makiyayi, yankin Barkin Ladi:
Turaren nan ni ban yarda da shi ba, ɗana. Ka je ƙarƙashinsa ka duba, ko akuya ba ta samun abin tsinka.

Manomin lambu, bakin Dilimi:
Gaskiyarka, amma inda aka sare shi ba a sa komai ba ya fi muni. Ni bara na dasa ƙerana a gefen tudun gonata, na jera duwatsu a bayanta yadda na ga mutanen ƙauye na yi wa gonakin acca. Bana da na tona bayan duwatsun, baƙar ƙasa ta taru kusan tsawon yatsa. Malam, in za ka sake fita da yaran nan ka biyo da su ta wajena bayan la'asar, su taɓa ta da hannunsu.