Dasashi na jini: harfis ne ko bakteriya?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Dasashin ƙanena na zubar da jini, haƙoransa biyu na gaba sun fara girgiɗi, ga shi bai kai shekara 30 ba, kuma yana goge baki safe da dare. Wani ya ce masa bairas ɗin harfis ne, ya sha maganin bairas mai suna asaikulobiya. Ya kamata ya sha?

Likitar Haƙori: Wa alaikumus salam Yaya. Kada ya sha tukuna. Maganar tana da tushe, amma an yanke ta. Tun shekarun 1990 Farfesa Jørgen Slots na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka yake nuna cewa ana yawan samun bairas biyu na dangin harfis, wato Epstein-Barr da saitomegalo, a cikin ramin da ke buɗewa tsakanin haƙori da dasashi idan ciwon ya yi tsanani. A ganinsa, idan suka farka sai su raunana garkuwar wurin, bakteriya irin su Porphyromonas gingivalis su samu sarari su ci ƙashin da ke riƙe da haƙori. Shi ya sa, in ji shi, wani bakinsa fes amma ƙashin na zaizayewa.

Malam Ɗalibi: To Anti, tunda haka ne me zai hana a kashe bairas ɗin?

Likitar Haƙori: Ba ya mutuwa, ƙanena. Dangin nan guda 8 ne ke kama mutum, har da na ƙarambau da na kurajen leɓe, kuma da zarar sun shiga jiki sun zauna ke nan, sai dai su kwanta. Epstein-Barr kaɗai yana jikin sama da kashi 90 cikin 100 na manya, mafi yawansu dasashinsu lafiya lau. Har yau masana na gardama: bairas ne ke jawo kumburin, ko kumburin ne ke tara ƙwayoyin jinin da bairas ke ɓuya a ciki? Maganin bairas bai shiga cikin tsarin jinyar da aka amince da shi ba.

Baban Gida: Hajiya, ki sa a auna masa suga. Ni sai da aka daidaita nawa sugan sannan jinin dasashin ya tsaya. Idan yana shan taba kuma, wallahi ya daure ya bari.

Ummu Yara: Ni tawa 'yar shekara 2 ce ta yi zazzaɓi, dasashi ya yi jajir, ƙuraje har kan harshe, yawu na dalala, ko ruwa ta ƙi sha. Aka ce harfis ne, kuma an ba ta asaikulobiya.

Likitar Haƙori: Wannan daban ne Ummu, kamun farko ne na bairas ɗin kurajen leɓe, kuma maganin ya fi aiki cikin kwana 3 na farko. Yaya, naku ku kai shi a auna zurfin ramin. Lafiyayye milimita 1 zuwa 3 ne, daga 4 akwai matsala. A ɗauki hoton ƙashin, a kankare dattin da ya daskare ƙarƙashin dasashi, ya riƙa sakace da zare kullum. In an ba shi ruwan kuskure baki na kulohekzidin kada ya zarce lokacin da aka ce, yana rina haƙori.

Maman Biyu: Allah Ya saka da alheri. Haƙoran da ke girgiɗi fa, za su tsaya?

Likitar Haƙori: Ya danganta da ƙashin da ya rage. Ku je cikin makon nan, kada ku jira ciwo, don shi wannan da wuya ya yi zafi.